Yatsu Takwas da Kibod Marar Ƙara

Wata Talata ce da hantsi, ranar garin Lafiya ta fara cizo, Sailuba ta shiga wani ɗan shagon kayan kwamfuta a bakin titin Jos, hannunta na hagu a naɗe cikin gefen gyale. Ta yi sallama ƙasa-ƙasa.

Saurayin da ke ciki ya ɗago daga kan wata laftof da ya farke wa ciki. Luqman ke nan, dogo, baƙi, mai ɗan gemun da har yanzu bai yanke shawarar fitowa ba. Watansa biyu da dawowa daga Kaduna, inda ya koyo gyara.

"Kibod nake so," in ji ta. "Mai ƙarfi."

"Ƙarfi na dambe ko ƙarfi na aiki?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce masa taifin take yi a wani shago, daga safe har la'asar sakaliya, kuma kwanakin nan in ta tashi wuyan hannunta zafi yake kamar an zuba masa barkono. Na shagon tsoho ne, madannansa dogaye, sai an danna da ƙarfi.

"To ai ba mai ƙarfi kike nema ba, mai sauƙi kike nema," ya ce. Ya jero mata guda uku a kan tebur, ya jona na farko. "Zauna ki buga in gani. Ba a zaɓen kibod da ido."

Nan fa ta tsaya. Allah Sarki, yarinyar nan ta fi son a ce ta yi tafiyar ƙasa zuwa ƙauyensu Adogi da a ce ta fito da hannun nan gaban baƙo. Tana da shekara tara injin markaɗen rogo ya cinye mata ƙaramin yatsa da mai bi masa. Tun daga ranar ta san kalar fuskokin mutane: masu kawar da kai da sauri, da masu cewa "wayyo" su ƙura ido.

Ta zare gyalen, ta ɗora hannun a kan madannai, ta jira.

Luqman ya kalli hannun sosai, yadda yake kallon cikin inji. Sai ya ce, "Da wane yatsa kike danna Shift?"

Ta ɗago ta dube shi. Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar.

"Da na tsakiya."

"Da A, da Q, da Z?"

"Duk shi."

"Yatsa ɗaya yana aikin mutum uku, kuma kowane madanni sai ya haura shi kamar katanga. Dole ya yi kuka. Buga mini abin da kika haddace."

Ta buga masa shafin godiya na furojet ɗin ɗalibai, wanda ta buga ya fi sau ɗari, a gode wa Allah, a gode wa malami, a gode wa iyaye. A kan na farkon, mai tsayi, sai da ta karya wuyan hannu sama kafin ta kai layin saman. Na biyu siriri ne, amma laushinsa ya yi yawa, kamar ana danna burodi.

"Ban san ko harafin ya shiga ba sai na duba," ta ce.

"Yawwa, kin gane. Ture shi."

Na ukun a kwance yake, kaurinsa bai wuce na littafin rubutu ba, madannansa gajeru kuma a daidaice. Ta miƙa hannu za ta buɗe 'yan ƙafafunsa na baya, ya ce, "A'a, bar su a naɗe. In kika ɗaga shi kin mai da shi gidan jiya. So ake hannunki ya miƙe daga gwiwa har yatsa."

Ta fara bugawa. Ɗan taɓi kaɗan harafi ya fito, kuma tana jin ɗan tsalle a ƙarƙashin yatsa da ke gaya mata ya shiga. Yatsan tsakiyar nan ya daina hawa da sauka, sai zamewa yake gefe ya dawo. Ba a jin komai sai ɗan raf-raf kamar yayyafi a kan ganye. Kafin Luqman ya gama gyara tsayuwa ta cika shafi.

"Kai!" ya ce. "Malama, ki tafi da shi kafin ya kama da wuta."

A nan ta yi dariya, ta farko. Ya karɓi lambarta, wai don ya ji ko kibod ɗin ya yi gardama. Kun dai san irin wannan wai ɗin.

Shagon da Sailuba ke aiki na Hajiya Rahmat ne. Mijinta marigayi ne ya buɗe shi tun zamanin tafireta, ya rasu ya bar mata. Hajiya ba ta karanta boko, ba ta taɓa kwamfuta, ko ciki ba ta cika shiga ba saboda zafi. A baranda take zama kan kujerar roba, bayanta jingine da katakon da ya raba ta da masu aiki, carbi a hannu. Da kunne take tsaron shagonta. Shekara talatin tana jin ƙarar tafireta, a wurinta in ana kwaram-kwaram ana aiki, in an yi shiru ana cin amanarta. Har ta san bugun kowacce.

Su uku ne a ciki. Akwai Sewuese, 'yar Tibi mai faɗin gaskiya ko ba a tambaye ta ba, ita ta kawo Sailuba aikin. Akwai Afra'u, ɗiyar ƙanwar Hajiya, fara mai dogayen farata, wadda bugunta har bakin titi ana ji. Sai Sailuba, wadda Hajiya ba ta taɓa kiran sunanta ba. Takwas take ce mata.

"Takwas, kawo mini ruwa. A'a, ba da wannan hannun ba, kada ki sa in ƙware."

Kwana huɗu da sayen kibod, firinta ta tsaya, Hajiya ta ce a jira ɗanta. Sai ga Luqman ya shigo da jakar kayan aiki, ya durƙusa a baranda ya ce, "Mama, ina wuni."

Sailuba ta gane muryar tun kafin ta ga fuskar. Shi kuwa da ya leƙo ya gan ta, sukundireba ta faɗi daga hannunsa sau biyu.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Ashe a gidanmu kibod ɗina ya sauka. Yaya wuyan hannun?"

"Ya yi sauƙi. Me ya sa ba ka ce kai ɗan Hajiya ne ba?"

"Ba ki tambaya ba, 'Yar Adogi. Da kin sani da ba za ki saya ba?"

"Da na saya, amma da ban yi dariya ba."

"To alhamdu lillahi da ba ki sani ba. Dariyar nan ita nake ta gyara tun ranar, ta maƙale mini a kai."

Daga nan firintar shagon ta shiga lalacewa duk bayan kwana biyu. Ranar Asabar da la'asar kuwa yana ƙofar gidan gwaggonta a unguwar Bukan Sidi, inda take zaune, da gasasshiyar doya da manja a leda. Tana ce masa Injiniya, yana ce mata 'Yar Adogi, in abin ya motsa ya ce Sailuna. Wata rana ta lura ta yi awa guda suna hira hannunta a waje, ta manta da gyale.

"Injiniya, ka san mahaifiyarka ba za ta yarda ba."

"Mama baki ne da ita kawai. Ki bar ni da ita."

"Ranar da ta buɗe bakin a kaina, kana ina?"

"Ina gabanki, Sailuna. Wallahi ina gabanki."

Ni dai na sha ganin samari suna rantsuwa da la'asar, iska na kaɗawa.

Ita Afra'u tun suna yara dangi ke ce mata matar Luqman, ta kuma ɗauki maganar da gaske har ta zaɓi kalar ashobi, ankon biki, a ranta. Idonta bai kuskure yawan ciwon firinta ba. Ta bari sai da aka shiga lokacin furojet, shago ya cika da ɗalibai masu jiran aiki, sannan ta fita baranda ta tsuguna kusa da kujera.

"Mama, kwana nawa rabon da ki ji bugun Takwas?"

Hajiya ta tsayar da carbi. Ta karkata kunne. Bugun Sewuese na nan, daf-daf. Daga kusurwar Sailuba kuwa, shiru.

"Mu muna kashe kanmu, ita tana latsa waya. Kuma ki tambaye ta da wa take hirar. Ki tambaye ta wa ya ba ta wancan abin mai kama da faranti."

Ranar Luqman yana ciki, ya durƙusa a gindin firinta. Hajiya ta shigo, abin da ta yi wata ba ta yi ba. Sailuba na tsakiyar buga babi na huɗu na wani ɗalibi, ba ta ma ji ta ba sai da aka fizge kibod ɗin daga ƙarƙashin yatsunta.

"Wannan ne abin munafuncin? Wata guda ina zaune ina tsaron iska!"

"Hajiya, aiki nake yi, ki duba..."

"In duba me? Ni za ki koya wa aiki? Tun ba a haife ki ba nake jin ƙarar aiki. Na ɗauke ki sadaka, na ce musaka ce a taimaka mata, ashe ɗana kika zo farauta."

Ɗalibai suka juyo suna kallo. Wata ta ɗaga waya, Sewuese ta buge mata hannu.

Hajiya ta cafko hannun hagun Sailuba ta ɗaga shi sama, ta juya shi yadda kowa zai gani.

"Jama'a ku duba mini. Wannan ne zai tuƙa wa ɗana tuwo? Wannan ne zai riƙe taɓarya ya daka sakwara? Da wannan za a ɗauki jikana, ya buɗe ido ya ga abin tsoro? Ko kaza aka kawo mini haka, mai da ta zan yi."

Afra'u ta rufe baki tana dariya.

Sailuba ba ta dubi Hajiya ba. Luqman ta duba. Ya miƙe tsaye, tawadar firinta a hannunsa, bakinsa ya buɗe. Ta jira. Hajiya ta juyo ta zuba masa ido, irin kallon da take masa tun yana rarrafe. Sai ya sunkuyar da kai.

Hajiya ta yi jifa da kibod ɗin waje, ya daki sumunti, madannai uku suka yi tsalle cikin kwata.

"Bi kayanki."

Sailuba ta naɗe hannunta ta fita. A bakin ƙofa Afra'u ta matso ta raɗa mata, "Tausayinki yake ji, 'yar uwa. Shi ko kare ya gani da rauni sai ya tsaya."

Washegari ta hau mota ta koma Adogi.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa.

"Sailuna, ki yafe mini. Harshena ne ya mutu."

"Na tsince madannan duka ukun, na wanke, na mayar. Yana aiki."

"Don Allah ki ce wani abu, ko zagi ne."

Sai a kwana na biyar ta ba shi amsa.

"Ka ce kana gabana. Na duba gabana na ga mutum yana kallon takalminsa. Mahaifiyarka ta ɗaga hannuna na minti ɗaya, kai ka bar shi a sama har yau. Kibod ɗin ka riƙe, ka sayar wa mai yatsu goma."

Ya karanta ya fi sau ashirin. Ranar Lahadi ya hau mashin ya tafi Adogi. Ya tarar da mahaifinta, Malam Na'Allah, a gindin mangwaro yana gyaran irin doya. Dattijon ya bar shi a tsugune, bai ce a kawo tabarma ba.

"Kai ne ɗan matar?"

"Ni ne, Baba."

"Ni na aike ta wurin injin nan. Ni na ɗauke ta a kafaɗa zuwa asibiti, jininta na bin bayana. Shekara goma sha huɗu ban bari ko ɗan'uwanta ya yi mata wasa da hannun nan ba. Sai a birni, a gaban mutane, kana tsaye." Ya ci gaba da yankan doyarsa. "Tashi ka tafi. In ka sake zuwa ba zan amsa sallamarka ba."

Sailuba na bayan zana tana jin komai. Ba ta fito ba. Ta dai zauna da tiren agushi a cinya, ta kasa ɓare ko ɗaya.

A shago kuwa abubuwa sun fara tsami. Ƙara na nan yadda Hajiya ke so, har ta fi da, amma ɗalibai sai dawowa suke da takardu malamai sun yi musu ja-ja da biro. Wasu suka kwashe aikinsu suka tsallaka titi. Hajiya ta ce hassada ce, ta sa aka yi turare.

Wata Alhamis da azahar Luqman ya shigo ta ƙofar baya. Ya roƙi Sewuese da Afra'u su ɗaga hannu, ya ɗauko tsohon kibod ɗin nan mai dogayen madannai, ya zauna dab da katakon da Hajiya ke jingina, ya shiga dukansa da yatsu goma. Kwaram-kwaram-kwaram, ba tsayawa.

Daga baranda muryar Hajiya ta taso, cike da jin daɗi. "Yawwa! Haka nake so in ji. Wace ce wannan mai albarka? Afra'u, ke ce?"

Bai tsaya ba sai da ya cika minti goma. Sannan ya fito da kibod ɗin a hannu, wayarsa na jan ƙasa.

"Ni ne, Mama. Ba a jone yake da komai ba. Kwamfutar ma a kashe take. Minti goma kina sa albarka, ko harafi ɗaya ba a rubuta ba."

Hajiya ta dubi wayar da ke reto. Ta dubi masu jira a benci, waɗanda suka fara kallon sama.

"Ni za ka tozarta a gaban mutane?"

"A gaban mutane kika yi nata."

Marin da ta kai masa har mai rake na tsallake ya ji. Luqman bai matsa ba, wannan karon kuma bai sunkuyar da kai ba.

"Ki ƙara, Mama, na ci bashinsa tun ranar. Amma ki ji ni. Ba zan yi aure ba sai da yawunki, ba zan kuma auri Afra'u ba ko za a yanka ni. In ba Sailuba ba, kin haifi tuzuru."

Sai ga Sewuese a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, da Hausarta ta kasuwa.

"Hajiya, abeg, bari ni ma na faɗa. Wannan Afra'u, in ka ji shi yana buga da ƙarfi, dogon madanni na ƙasa ne yake duka, ido yana kan fim a waya. Ɗan abin da ya buga kuma, Sailuba ne yake gyarawa kafin a firinta. Tun da ya samu sabon kibod, aikin mutum biyu yake yi, ba ƙara. Kai ka kori mai aiki, ka bar mai ganga."

"Ƙarya take yi, Mama!" in ji Afra'u.

"To zauna ka buga shafi ɗaya yanzu, a ba wannan ɗalibi ya karanta da ƙarfi."

Afra'u ta dubi faratanta. Ta ɗauki jakarta ta ce kanta ke ciwo.

Kada ku ɗauka Hajiya ta yi nadama a ranar. Kwana tara ta yi ba ta amsa gaisuwar ɗanta. Sai da benci ya koma wayam, Sewuese ta ce ita ma ta gaji da aikin mutum uku, sannan ta ce a nemo mata mota. Kuma ko a hanya abin da take faɗa shi ne, "Ma'aikaciya zan ɗauko, ba suruka ba."

A Adogi aka shimfiɗa mata tabarma a gindin mangwaro, don baƙuwa ce kuma babba. Luqman ya tsaya can nesa wurin mota. Malam Na'Allah ya zauna gefe, fuska ba annuri.

"Na zo ne yarinyar nan ta koma bakin aikinta," in ji Hajiya. "Abin da ya wuce ya wuce."

"Wace yarinya? 'Ya'yana mata huɗu ne."

"Ita dai... mai taifin."

"Ba ta da suna?"

Hajiya ta gyara zama. Carbi ya zaga sau ɗaya. "Sailuba."

Sai ga ta ta fito, ba gyale a hannu. Ta ɗauko kwanon ruwa da hannu biyu, ta durƙusa gaban Hajiya ta miƙa, dungun yatsun nan a kan bakin kwanon, daidai inda ido zai sauka. Rana ta take, Hajiya ta sha hanya, leɓenta ya bushe. Amma ba ta karɓa ba.

Sailuba ba ta sauke ba.

"Hajiya, hannun da kike so ya koma shagonki shi ne wannan. Ba ni da wani a ɗaki. In ya yi ƙazantar da ba za ki sha ruwa daga gare shi ba, ya yi ƙazantar da ba zai taɓa miki aiki ba."

"Ke, da ni kike magana haka?"

"Da ke nake, Hajiya, ki yi haƙuri. A gaban mutane kika tambaya ko zai tuƙa tuwo. Tun ina shekara goma nake tuƙa na gidan nan. Sakwarar da za a kawo miki anjima, shi ya daka."

Kwanon ya fara yi mata nauyi, ruwan na ɗan zuba a tabarma. Akuya ta wuce. Hajiya ta waiga ta hango ɗanta, ta ga ba takalminsa yake kallo ba, ita yake kallo.

Ta miƙa hannu ta karɓa. Ta sha, ta sha, har ta ga gindin kwano.

"Ruwanku da sanyi," ta ce, tana kallon wani wuri. Can ta ƙara, "Malam, baffanninsa za su zo. Ka sa musu rana."

"Ba ni za a tambaya ba," in ji Malam Na'Allah. Ya ɗaga murya. "Kai, mai kallon takalmi! Matso."

Luqman ya zo ya durƙusa. Sailuba ta dube shi sama da ƙasa, ta ga sawun damuwa har a wuyan rigarsa.

"An ce ka sha mari."

"Na sha."

"Da zafi?"

"Har yanzu kunnen na ƙara."

"Madalla," ta ce. Ta ɗauki kwanon ta shige gida. Sai da ta kai bakin zana ta waiwayo. "Baba, ka sa musu ranar."

Da motarsu ta kama hanyar Lafiya saƙo ya shigo masa.

"Ban gama hucewa ba, Injiniya. Amma ka zo mini da kibod ɗina ranar Asabar."

"Da gudu, Sailuna. Da doya ko ba doya?"

"Da doya. Kuma manjan ya fi na da yawa."

Bayan an kwashe amfanin gona aka sa biki. Ba zan ce muku Hajiya Rahmat ta zama zuma ba, don ban saba yi muku ƙarya ba. Har yau in ranta ya ɓaci bakinta yakan kuskure, sai dai yanzu ana mayar mata, kuma ɗanta ne ke fara mayarwa. Afra'u ba ta zo bikin ba, aka ce tana Akwanga wurin wata ƙawa.

Ranar ƙunshi mata sun cika tsakar gida a Adogi, Sewuese na tsakiya ta sha ashobi tana koya wa 'yan ƙauye rawar Tibi. Mai lalle ta gama hannun dama, ta kamo na hagu, sai ta tsaya. Ta yi ƙasa da murya ta ce ko a bar wannan, in ya so amarya ta rufe shi da mayafi lokacin hoto.

Hajiya, wadda ta kawo kayan ƙunshin da kanta, tana zaune a kan kujera can gefe. Kunnen nan dai bai tsufa ba.

"Me kika ce?"

"Cewa na yi, Hajiya, ko a..."

"Zana mata. Har kan dungun, ki yi masa fure. Ba za a ce surukar Rahmat rabin lalle aka yi mata ba." Ta juya ga matan da suka zuba ido. "Ku kuma me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin hannu ba?"

Guɗa ta tashi. Sailuba ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan cinyarta, ta kasa sharewa don hannu biyun duk a jiƙe suke da lalle. Sewuese ce ta goge mata da bakin zani tana cewa, "Kuka na mene, amarya? Kai ka ci yaƙi."

Ranar Asabar bayan azahar aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Na'Allah. Dattijon ya riƙe hannun ango ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce masa, "Bakinka ya buɗe a makare. Kada ya sake rufewa."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ya sanyaya harshen manya a kan na ƙasa da su, Ya kuma ba kowace 'ya mijin da zai yi magana a lokacin da ake bukatar maganarsa. Amin.